Ƙofar Katafila a Bayan Madafata

Da markar bana Yaya Hudu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Katafilar da ya mutu a cikinta kuwa tana nan da ranta. Makon jiya ma na gan ta, an ɗora ta a bayan tirela an ɗaɗɗaure da sarƙa, ana wucewa da ita ta titin Daɗin Kowa a nan Jos, ni kuma ina tsaye gaban mai tumatir. Daga gaban tirelar wani ya zuro hannu ta taga yana ɗaga mini. Ɗana ne, Bashir, shi ke tuƙa katafilar yanzu. Na ɗaga masa nawa hannun, na yi murmushi yadda uwa ke yi, har suka sha kwana. Sai da mai tumatir ta taɓa ni sannan na ga tumatirin da ke hannuna ya fashe.

Ni ƙanwar Yaya Hudu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Kowace shekara in lokacin ya zagayo mukan taru a gida mu yi masa addu'a, a raba sadaka, a watse. Bana ma an yi, an watse, amma abin da ke ƙirjina ya ƙi watsewa, shi ya sa na ɗauki biro.

Duk wanda ya zauna tsakanin Daɗin Kowa da Kuru a waɗancan shekarun, in bai san Hudu Mai Katafila ba, to ya ji muryarsa. Ƙarar inji ta cinye masa kunne tun yana saurayi, don haka ya ɗauka kowa ma haka yake ji. In ya ce zai gaya maka sirri, tashi ka rufe taga, don maƙwabta ma za su samu rabonsu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da giɓi a gaba, kuma ko ranar Sallah in ka matso kusa da shi sai ka ji warin man gas a ƙarƙashin turare. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu. Tun ina 'yar aji uku yake kirana Malama don tsokana, har sunan ya bi ni.

Katafilar ba tasa ba ce. Ta Oga Choji ce, wani Kirista mutumin Kuru, wanda ya saye ta a gwanjo lokacin da kamfanonin haƙar kuza suke tattara nasu-ya-nasu. A lokacin ma tsohuwa ce. Makanikai ne suka raɗa mata Ƙi-Mutu, domin sau nawa suna cewa wannan karon kam sai 'yan gwangwan, kafin ka ankara ka ji ta tana ruri a wani fili. Duk wata 'yar'uwarta da ta mutu a Bukuru ko Barikin Ladi sai an je an ciro wani abu an dasa mata. Tashinta da safe ma biki ne. Akwai wani ƙaramin injin fetur a gefenta da ake ja da igiya, shi zai yi ta kuka har ya tayar da babban, sannan hayaƙi ya turnuƙe, kaji su watse, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafarka. In aka ce wa Yaya ya nemi aiki a kan sabuwa, sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne kujerarta. Ba ta da ɗaki. Ginshiƙan ƙarfe ne da rufin kwano a sama, dama a buɗe, hagu a buɗe. Haka ya same ta, haka kuma yake son ta. Yana da ƙa'ida ɗaya da yake nanatawa har mun haddace: kafin ka hau, san ta inda za ka sauka. Ba ya hawa da takalmi mai igiya, ba ya sa tufa mai yalwa da za ta maƙale a sandunan tuƙi, ko kwanon abinci ba ya yarda a ajiye masa a gefen ƙafa. Kowace safiya kafin a ja igiyar injin sai ya zagaya wurin aikin da ƙafa, ya dubi dama ya dubi hagu, ya zaɓi inda zai faɗa in ta ɓaci.

Wanda ba ɗan Jos ba zai ce tsoron ya yi yawa. To ƙasarmu ba kamar ta kowa ba ce. Shekara da shekaru ana rarake cikinta ana neman kuza. Kududdufan da kuke hangowa daga mota, shiru, gwanin kyau, ramukan kamfani ne da ruwa ya cika, kuma ba wanda zai rantse maka da zurfinsu. Ban da su akwai loto, wato rijiyoyin da mutanen gari ke haƙawa da hannu, su nutsa ƙasa sannan su yi ta bin kuza ta gefe. In sun gama sai su tafi, ciyawa ta rufe bakin. Sama fili ne sumul, har a shuka dankali a kai. Mutum zai taka lafiya, saniya ma ta taka lafiya, katafila ce ba za ta taka ta wuce ba. Giɓin nan na Yaya can ya samo shi. Yana saurayi ƙasa ta taɓa buɗewa a ƙarƙashin sarƙar dama, ya ji kujera ta karkata, ya yi tsalle ta hagu ya faɗa da baki a kan marmara. Haƙori ɗaya ya tafi, shi ya tashi ya kakkaɓe jikinsa.

Sai dai buɗaɗɗiyar kujera tana da nata harajin. Kowa ya san sanyin Jos, ya san ruwanta da ke zuwa a karkace, wani lokacin har da ƙanƙara. Fiye da rabin rayuwarsa ruwan nan yana dukan ƙirji ɗaya. Tari ya kama shi, irin mai zurfin nan da ake ji kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Na saya masa rigunan sanyi a gwanjon kasuwar Taminus har na gaji, ya sa ɗaya ya rabar da sauran. Daga ƙarshe sai da aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce ƙirjin ba zai ƙara ɗaukar wata damina a fili ba.

Oga Choji yana zaune a bakin gadon lokacin da likita ya faɗi haka. Su biyun sun wuce oga da direba. Duk rikicin da garin nan ya gani ba a taɓa jin kansu ba. Akwai lokacin da iyalin Yaya suka fake a gidan Choji, akwai lokacin da na Choji suka fake a gidan Yaya. Mutumin nan ya tashi ya fita. Kafin a sallami Yaya, Choji ya kira mai walda, irin masu yi wa shaguna ƙofofi, ya gina wa Ƙi-Mutu ɗaki. Ƙarfe mai kauri, gilashi gaba da baya da dama, an gitta wa kowanne sanduna saboda ɓarayin batir, sai ƙofa ɗaya a hagu mai sakata. Har fenti aka yi masa, ruwan ɗorawa, ya fi sauran jikin katafilar kyau nesa ba kusa ba. Ya ɓoye maganar don ya ba abokinsa mamaki.

Ranar da Yaya ya koma aiki, Choji ya tara ma'aikata, ya buɗe masa ƙofar da hannunsa, bakinsa har kunne. Yaya ya yi godiya, ya sa albarka, ya shiga ya zauna, ya ja ƙofa ya rufe. Da yamma ya biyo ta gidana, kuma a karon farko a rayuwata na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malama, an sa ni a akurki."

Na ce to ya gaya wa Choji a cire mana, ai abokinsa ne. Ya ce abotar ce ta sa ba zai iya ba. Mutum ya yi maka abu don lafiyarka, ya tara jama'a ya ba ka, sai ka dube shi ka ce ya yanke? Na ce ko ƙofar kaɗai a cire. Ya ce ai ƙofar ce kyautar, don ita ke tare iska, kuma Choji yakan leƙo wurin aiki, in ya gan ta a buɗe ma faɗa zai yi. Ya ce zai yi masa kara damina ɗaya. In rani ya shigo sai ya ce zafi ya dame shi, a cire ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Mu Hausawa muna alfahari da kara, kuma abin alfahari ce. Ita ke sa ka cinye abincin da gishiri ya yi wa yawa ka ce an gode, ka sa rigar da ta matse ka don wanda ya ɗinka maka yana kallo. Da ita aka raine ni, da ita na raini nawa. Amma tun daga wannan daminar nake kallonta a kaikaice.

Aikinsa na ƙarshe a wajen Kuru ne. Wasu manoman lambu suka haɗa kai suka ɗauko katafila ta baje musu tulin ƙasar da kamfani ya bari a bakin kududdufi, don su samu wurin shuka in rani ya zo. An daɗe ana marka, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Waɗanda ke wurin sun ce ya zagaya da ƙafa kamar yadda ya saba, amma loton da ke ƙarƙashin gaɓar ba shi da baki a sama. Da hantsi, rana ta ɗan leƙo, mata suna wanki a ɗaya gefen, sai gaɓar ta zame. Katafilar ta karkata dama, ta fara sulalewa cikin ruwa. A hankali ta tafi, sun ce, a hankali ƙwarai, ta yadda da a tsohuwar kujerarsa yake, takawa kawai zai yi ya sauka ta hagu. Sai dai karkatar farko ta murɗe ɗakin, ƙofar ta cije a cikin ƙarfenta. Ba wanda ya iya kusantarsa, don gaɓar tana ta zubewa. Da aka ciro shi, yanka ƙofar aka yi.

Ina aji aka zo aka ɗauke ni. Mazan gidanmu suka ce mini kansa ne ya bugu da ƙarfe tun karkatar farko, nan take Allah Ya karɓi abinsa, bai ma san ruwa ya shigo ba. Na riƙe wannan maganar hannu bibbiyu, da ita nake samun barci duk shekarun nan.

Ranar uku Oga Choji ya shigo har wurin mata, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa a gabana.

"Malama, ni na sa ƙofa ɗin nan. Ya ce mini ya gode. Me ya sa bai gaya mini ba?"

Na ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma har yanzu na yarda da hakan. Garin gyaran gira aka rasa ido, amma wanda ya yi gyaran da zuciya ɗaya ya yi. Da aka jawo katafilar daga ruwa, shi da kansa ya tsaya a kan mai walda aka yanke ɗakin aka ba 'yan gwangwan. Na ɗauka ita ma za ta bi shi. Ina! Aka wanke injin, aka sauya mai, aka ja igiya, ta tashi. Choji bai ƙara komawa daidai ba, bayan 'yan shekaru shi ma ya tafi. Ƙi-Mutu ta binne direbanta, ta binne mai ita, ta ci gaba da tura ƙasa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo Jos ta yau. Na san zai daɗe yana kallon sababbin injinan haƙa da suka cika bayan gari tun da kuza ta sake yin daraja, masu dogon wuya da ɗakin gilashi, direba na ciki yana shan iska mai sanyi da waƙa a kunne. Zai ce waɗannan ai ma'aikatan banki ne. Zai kuma yi dariya in ya ga sabuwa ta kwanta ana jiran wani ya zo da kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta, alhali tsohuwa guduma da waya sun ishe ta. Domin tsofaffin ba su je ko'ina ba. Ku duba duk inda ake fitar da titin unguwa, ko ake share filin coci ko masallaci: gireda ce da ta girmi direbanta, rola ce da ake tayarwa da turi a gangare, tifa ce da aka ɗaure murfinta da igiyar roba. Su talaka ke iya ɗauka haya, su suka share unguwannin da muke kwana a ciki. Ban zo in zage su ba. Da guminsu aka yi mini karatu, da shi kuma ake ciyar da jikata yanzu.

Inda na san dariyarsa za ta tsaya shi ne in ya ga inda ake kai su. Filayen da a zamaninsa ko akuya ba a ɗaurewa, yau an yanka su fuloti-fuloti. Tsofaffin da suka san inda aka haƙa loto suna ta ƙarewa, ana kuma ta haƙa sababbi. Injinan sun ƙara tsufa, ƙasar ta ƙara zama rariya. In kuwa ya ɗaga ido ya ga wanda ke kan kujerarsa, ban sani ba ko murna zai yi ko bulala zai nema.

Bashir yana makarantar fasaha lokacin da kawunsa ya rasu, an kira shi ya zo ya samu jana'iza. Ya gama karatu, ya yi ta yawo da takardu har takalminsa ya cinye. Pam, ɗan Oga Choji wanda ya gaji katafilar, abokinsa ne tun suna buga ƙwallo a layi. Shi ya ce masa ya zo ya koya. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin dangin ubansa. Suka ce mini sana'a ce, kuma ta gado, ajali kuwa ko a kan katifa yana samun mutum. Gaskiya suka faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi, ni kuwa ba tsumma aka nuna mini ba, macijin ne da kansa. Sharaɗi ɗaya na samu na kafa, cewa kujerar ta zauna a buɗe yadda Choji ya mayar da ita. Da haka muka yi shekaru. Bashir ya yi aure, matarsa Rukayya ta haifa mana 'ya mace, suna zaune a sashen bayan gidana.

Bana da rani wata maƙwabciya ta yi mini barka, wai ta ga an yi wa katafilar Bashir ɗaki mai kyau. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba na zari mayafi. A garejinsu na sami Pam. Ga ta nan tsaye da sabon ɗaki, da ƙofa ɗaya a hagu. Pam mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ɓarayi sun addabe su a wuraren aiki. Wannan ƙarfen bai kai na da kauri ba, sakatar ma mai laushi ce. Ɓangaren dama kuwa ba a yi masa ƙofa ba saboda tankin mai. Ya ce shi ma ya ga yadda baƙin cikin wancan ɗakin ya ci ubansa, ba zai yi wasa da ran Bashir ba.

"Mama, ruwa yana dukan shi fa. Ina ganin shi yana rawan sanyi a kan inji, ba na jin daɗi."

Zuciyar ubansa sak. Na dubi Bashir yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa, yana murza tsumma a hannu, bai ce uffan ba. Na gane shirun nan, irinsa ne ya ci mini yaya. Nan na ajiye karar da aka raine ni da ita. Na ce wa Pam na gode, Allah Ya saka da alheri, amma ba zan bar garejin nan ba sai da ƙofar, in kuwa yana son ya ga tsohuwa ta tare a ƙarƙashin katafila, to zai gani. Makanikai suka daina aiki suna kallo. Na san an yi da ni ranar, an ce Malama ta tsufa ta rikice. Daga ƙarshe Pam ya sa aka zare ƙusoshin, aka ɗora mini ƙofar a keke, ita a kujerar baya, ni a gefen direba.

Tun ranar tana bayan madafata, jingine da bango kusa da turmi. Kowace safiya in na fito hura wuta ita nake fara dubawa. Muddin tana nan, na san ɗana yana da ta inda zai sauka.

Sai marka ta sauka. Bashir ya riƙa dawowa jiƙe sharkaf, musamman ɓangaren hagunsa. Na koma gwanjon Taminus na sayo rigunan sanyi da rigar ruwa, kamar yadda na yi wa wani a da. Wata safiya ina alwala na jiyo tari daga sashen baya, buta ta kuɓuce mini. Da ido a rufe aka tambaye ni, da na rantse Yaya Hudu ne.

Ba a daɗe ba Rukayya ta same ni a madafa, ta durƙusa, ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, sannan ta ce likita ya ce ƙirjinsa ya sha sanyi, a kiyaye. Ba ta ambaci ƙofa ba. Idonta ne kawai ya je kanta ya dawo. Mai kunya ce, amma mijinta ne, uban 'yarta. Sai ga ni gaba kura baya siyaki. In na riƙe ƙofar, ni na bar ruwa yana cin ƙirjin ɗana, in na bayar, ni na rufe shi da hannuna. Ga kuma labarin cewa aikin da suka samu na gaba a wajen Kuru ne, bakin wani kududdufin. Sai a lokacin na gane abin da Choji ya ji a bakin gadon asibiti. Tari kullum kana jin sa da kunnenka, rami kuwa ba ka ganin sa sai ranar da ya buɗe.

Ranar da muka yi wa Yaya addu'ar bana, bayan baƙi sun watse, na kira Bashir bayan madafa. Na nuna masa ƙofar na ce ya ɗauka ya mayar, na janye maganata, sai dai ya yi mini alkawari in aiki ya kai bakin ruwa zai bar ta a buɗe. Ya dube ta, sannan ya amsa.

"Mama, ki bar ta a nan. Ko lokacin da take jiki ban taɓa aiki da ita a rufe ba. A gaban Pam nake rufewa, da ya juya baya in ɗaure ta da waya."

Na ce to don me, tunda ga ruwa, ga tari, ga shi ni ma na yarda?

"Da ni aka yi wa Kawu wanka. Na ga hannuwansa."

Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Ba sai an yi mini bayani ba. Mutumin da kansa ya bugu ya tafi nan take ba ya barin abin gani a hannu. Ashe shekara goma sha ɗaya mazan gidanmu ni ma kara suke yi mini. Yaya yana raye ruwan ya shigo. Yana kallon ta inda zai sauka, yana dukan ta. Mutumin da in ya yi raɗa maƙwabta ke ji, ya yi kira a cikin ƙarfe da gilashi, ƙarar inji ta danne. Na zauna a kan turmin nan, na daɗe ban iya tashi ba.

Me ya rage na Yaya Hudu? Titunan da ya fitar an shimfiɗa wa wasu kwalta, ba wanda ya san wa ya fara bi ta wurin. Gidansa an raba gado. Muryarsa ma ta fara ɓace mini, ni da na ɗauka ita ce ba za ta taɓa ɓacewa ba. Katafilar ce ta fi komai nasa daɗewa, ita kuwa ba ta san shi ba. In ta sake kwanciya da wani, za a wanke ta a ja igiya. Abin da ya rage nasa na gaske ƙa'idar nan ce guda ɗaya, kuma ba da baki ya koya wa Bashir ita ba. Ku da kuke da wani a kan tsofaffin injinan nan, in za ku yi masa alheri, ku tambaye shi tukuna, kuma ku tambaye shi inda ba jama'a.

Tirelar da na gani makon jiya Kuru ta nufa. Rukayya ta ɗinka masa labulen tamfol wanda kafaɗa ɗaya ke turewa, yana tare rabin ruwan, rabi yana shiga. Tarin bai tafi ba. Ƙofar tana nan kusa da turmi, ta fara tsatsa daga ƙasa. Da safe nakan dube ta in ji dama-dama. Da yamma kuma, in hadari ya haɗo ta wajen Kuru, nakan fito bakin gida in tsaya da carbi a hannu, ina kasa kunne ko zan jiyo tarin nan yana shigowa layinmu. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan roƙi Allah Ya jiyar da ni tari ba.